Kantin abin sha a Jamus: kwalbar da Bakano zai ɗauka da wadda zai bari

A Kano giya tana da unguwarta. Wanda bai nufi Sabon Gari ba yana iya shekara bai ga kwalbarta ba, sai fa ranar da Hisbah ta tara ta a fili za a farfasa. Shi ya sa ɗan birni ya saba, ko a kanti ne ko ya je sari kasuwar Singa, ya miƙa hannu kawai ya ɗauko maltina bai ko juya bayan kwalbar ba. In karatu ko aiki ya kai mutum Jamus, wannan sabon ne zai fara yi masa illa. Ƙasar tana da kamfanonin giya wajen 1,500, doka ta yarda ɗan shekara 16 ya saya, kuma a kanti jere take da lemo da ruwan sha, kwalba iri ɗaya, kala iri ɗaya.

Kantin da muke magana a kai shi ne wanda suke kira Getränkemarkt. Kusan babu abin da ake sayarwa a ciki sai abin sha, kiret kan kiret har kusa da rufi. Ya fi manyan kantuna yawan zaɓi, kuma saye da kiret yakan fi saye ɗai-ɗai sauƙi. Aibinsa ga baƙo shi ne tsarin jeren: maltin da kake nema yana iya kasancewa kafaɗa da kafaɗa da giya. Ranar Lahadi kuma a rufe yake kamar sauran kantunan ƙasar, wanda zai yi baƙi sai ya yi sayayyarsa tun Asabar.

Abin da ya fi kusa da maltinarmu sunansa Malztrunk, mutane kuma a baki Malzbier suke cewa. Iri biyu ne suka cika gari, Vitamalz da Karamalz. Ruwa ne da tsiron sha'ir da sukari da gas da ɗan furen nan mai ɗaci da ake kira hops. Bakin da ya saba da Maltina ko Malta Guinness zai ji su tsararo, ba su da kaurin nan da ke kama harshe, kuma ƙamshin ya bambanta. Dalili a fili yake. A 1988 gwamnati ta taɓa hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya, sai kamfanoninmu suka koma wa dawa da masara, irin dawar da ake lodi a Dawanau, har ɗanɗanon ya zauna a bakin mutane. Na Jamus sha'ir ne zalla. A ganinmu Vitamalz ya fi dacewa da abinci mai yaji, Karamalz kuma ya fi ɗaukar zaƙin karamel, yara sun fi son shi. Duka biyun sai da sanyi sosai, in suka huce zaƙin yakan gundura tun ba a kai rabin kwalba ba. Mai ciwon sukari kada duhun kwalbar da sunan hatsi su ruɗe shi, nauyinsu a jiki bai yi nisa da na lemon kwalba ba.

Inda ake zamewa shi ne kalmar alkoholfrei. Wanda ya fara koyon Jamusanci zai karanta ta ya ce ai babu barasa ke nan. A tsarin ƙasar, ana iya rubuta wa abin sha wannan kalma muddin barasar da ke ciki ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Yawancin kamfanoni sukan rubuta "<0,5 % vol" da ƙananan baƙaƙe a bayan kwalba ko a wuyanta (da waƙafi suke raba lamba, inda mu muke sa ɗigo). Wanda aka rubuta wa "0,0 %" daban ne, abin da ya rage a cikinsa bai kai 0.05 ba. Akwai kuma wani tarko a dokar Tarayyar Turai: ba a tilasta wa kowa ya rubuta adadin barasa sai ta haura kashi 1.2. Ke nan rashin ganin lamba a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa babu komai a ciki. Wannan ya shafi har Malzbier na ƙananan kamfanonin gari, domin akwai waɗanda ake bari su ɗan tsima. In ba ka ga 0,0 ba, Malam, mayar da ita ka ɗauki wadda aka rubuta.

Sanin yadda ake yin su ne zai raba maka gardama. Giya da malti tushensu ɗaya: a jiƙa hatsi ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa har ruwan ya yi zaƙi, kamar dai yadda ake sa tsiro a kunu don ya sake ya yi daɗi. Daga nan hanya ke rabuwa. Malti ana tace shi a ƙara sukari da gas a rufe, ko dai ba a sa yis ba sam, ko a sa shi cikin sanyin da ba zai iya aiki ba. Giya kuwa ana barin yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Ita giyar da ake cewa marar barasa hanya biyu ake bi a yi ta. Ko a katse tsimin tun da wuri kafin barasa ta taru, irin hanyar da aka bi aka fito da samfurin Clausthaler a 1979, shi ya sa irin wannan takan yi ɗan zaƙi da ƙamshin ɗanyen hatsi. Ko kuma a bari ta zama cikakkiyar giya, sannan a cire barasar, ta hanyar dumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska don barasar ta tashi ba tare da an kai zafin digiri 78 da take tafasa a kai ba, ko ta hanyar matse ta a matata mai ƙananan ƙofofi. Wannan ta biyun ita ce malamai da yawa suka fi tsanantawa a kai ko da an rubuta 0,0, domin asalinta giya ce aka yi. Hukumomin halal na Malesiya da Indonesiya ma asalin abu suke dubawa, ba lambar ƙarshe kaɗai ba. Hukunci na malamai ne, amma wanda zai je tambaya ya tafi da wannan bayanin, don amsar ta danganta da wace kwalba yake nufi.

Ko an ajiye batun hukunci, ba mu ga abin da mai neman malti zai samu a Erdinger Alkoholfrei mai shuɗiyar takarda ko Bitburger 0,0 ba. Don mai kewar ɗanɗanon giya aka yi su. Ɗaci ne da kumfa da wari irin na ƙullun da ya kwana, kuma kwalbar ba ta da maraba da ta giyar gaske sai launin takarda, ga kuskuren ɗauka a firjin gidan haya da ake tarayya da wasu.

Sai waɗanda suka yi kama da lemo alhali ba lemo ba ne. Radler, da hoton lemon tsami a jiki, giya ce aka gauraya da lemo kusan rabi da rabi, barasarta tana kai kashi 2 zuwa 3. Berliner Weisse da ake zuba wa jan sirop a ba ka da tsinken zuƙa, in ka hango ta a kofi sai ka rantse zoɓo ne, alhali giya ce. Apfelwein na yankin Frankfurt giyar tuffa ce. Apfelschorle ruwan tuffa ne da ruwan gas, lafiya lau, amma Weinschorle da ke bin sa a jerin abin sha giyar inabi ce aka sirka. Fassbrause ta asali, ta Berlin, lemo ce ta tuffa da malti, sai dai kamfanonin giya da yawa yanzu suna sayar da tasu da aka haɗa da giya marar barasa, don haka sai an karanta jerin kayan haɗi, wurin da aka rubuta Zutaten. A kasuwannin Kirsimeti, abu mai zafi da kowa ke riƙe da shi a kofi Glühwein ne, giya ce; wanda babu komai a ciki sunansa Kinderpunsch.

Abin da muke ba sabon zuwa shawara ya cika kiret da shi: Spezi, wato kola da lemon zaƙi a haɗe, da Apfelschorle, da Malztrunk mai 0,0. Ruwan tuffa a ɗauki mai duhu-duhu da aka rubuta wa naturtrüb, ko mai tambarin vegan, wato wanda babu komai na dabba a haɗinsa, domin wasu masu garai-garai da gelatin (sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade) ake tace su kuma ba dole ne a rubuta ba. Ruwan kwalba ma akwai abin lura, yawancinsa mai gas ne, wanda babu gas shi ne still. Na famfo kuma ana sha, ba sai an tafasa ba.

Kuɗin kwalba, Pfand, yana ɗaure wa baƙo kai a ranar farko, don zai ga an caje shi fiye da abin da ke rubuce. Ajiya ce, ana mayar maka in ka dawo da kwalba. Kwalbar gilashi irin ta giya da malti senti 8 ce, mai murfin waya da yawancin kwalaben ruwa da lemo masu komawa kamfani senti 15, gwangwani da robar sha-ka-yar senti 25, kiret kansa yuro 1.50. Kiret mai kwalba 20 ta rabin lita ke nan yuro 3.10 ne ajiyarsa. Akwai na'ura a bakin kanti, ana zura kwalba ɗaya bayan ɗaya, kiret kuma ta ƙofar ƙasa, ta fitar da takarda a kai wa mai karɓar kuɗi. Gwangwanin da aka murƙushe ko robar da takardarta ta ɓare, na'ura tofo su take yi, saboda tambarin jiki take karantawa. Kwalbar gilashi kuma kanti ba ya karɓar irin da ba ya sayarwa, a nan ne Getränkemarkt ya fi kantunan rahusa irin Aldi da Lidl amfani, don su galibi gwangwani da roba suke karɓa. Wanda ya ajiye kiret a baranda da hunturu ya sani in sanyi ya yi ƙasa da sifili sosai ruwan yakan daskare ya fasa gilashi, haka ma in an manta kwalba a firiza.

Zama da abokan aiki kuwa ba sai an ƙaurace masa gaba ɗaya ba, ko da yake kowa ya san inda zuciyarsa ta natsu. Cewa "Ohne Alkohol, bitte", wato "ban da barasa, don Allah", ta wadatar, kuma ba kasafai ake tsare mutum da tambaya ba, don masu tuƙi da yawa ma haka suke cewa. Amma a faɗi sunan abin da ake so, in ba haka ba ma'aikacin zai kawo giya marar barasa yana ganin ya kyauta. A mashayun birnin Kolon al'adarsu ita ce a dinga dire wa kowa ƙaramin kofin Kölsch, giyar garin, ba tare da ya nema ba har sai ya rufe kofin da faifan takarda, saboda haka a yi magana tun kafin a zauna. Kek ma a tambaya: Schwarzwälder Kirschtorte da barasar ceri ake yin sa, cakulan Mon Chéri kuma ruwan da ke cikinsa barasa ce.

Wanda kewar gida ta dame shi ya nemi shagunan 'yan Afirka, yawanci ba su da nisa da babbar tashar jirgin ƙasa. Can ake samun Malta Guinness da Maltina da Supermalt, wanda ɗan Denmark ne amma kaurinsa irin namu ne. Shagunan Larabawa da Turkawa kuma sukan kawo Barbican da Moussy, waɗanda alhazai suka sani tun Saudiyya, ga ayran mai gishiri ga wanda ya yi marmarin nono. Sun fi na kanti tsada, kuma a duba ranar lalacewa don wasu sukan daɗe a hanya. Gwangwanin da aka shigo da shi daga waje sau da yawa ba ya ɗauke da tambarin Pfand, na'ura ba za ta karɓa ba, sai a jefa shi a rawayar jakar shara da ake tara gwangwani da leda.