Ambulan ɗin Lokacin Yaƙi: Wanne Za Ka Fara Saya?

In kana son fara tara tsofaffin ambulan na lokacin yaƙi, kafin ka zaro kuɗi, juya ambulan ɗin ka dubi bayansa. Masu sayarwa da yawa gaba kawai suke nunawa, alhali hatimin garuruwan da wasiƙa ta ratsa da na ranar isarta galibi a baya suke.

Mafi araha su ne wasiƙun sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, don miliyoyi aka aika. Na Jamus, wato Feldpost, yawanci ba kan sarki, sai lamba mai alƙaluma biyar da ke ɓoye inda runduna take. Harafin L a gabanta na sojan sama ne, M na sojan ruwa. Na Amurka lambar APO, wato gidan wayar soja, suke ɗauka. Suna da daɗin koyo, amma sai da littafin fassara lambobin, kuma runduna na tashi da lambarta, don haka kwanan wata ne alƙali.

Ni dai wasiƙun farar hula da suka ƙetare iyaka sun fi kwanta mini a rai. Ɗauki wadda ta bar Jamus zuwa New York a 1941. A gefe guda ga takardar da masu tace wasiƙu suka liƙe bakin da suka yanka, an buga "Geöffnet", wato an buɗe, da ɗan ƙaramin harafin garin da aka tace ta: e na Frankfurt ne, b Berlin, d Munich, g Vienna. A ɗaya gefen ga ta Birtaniya, "Opened by Examiner", da alamar P.C. 90 da lambar mai dubawa. Wannan na iya nuna cewa jirgin saman kamfanin Pan Am ya ɗauko ta daga Lisbon, aka sauke ta a Bermuda aka sake buɗewa. Maƙiya biyu sun karanta ta kafin mai ita! Kawo madubin ƙara girma ka duba ko hatimin Jamusawa ya hau takardar liƙin da jikin ambulan tare. In bai hau ba, ƙila daga baya wani ya manna.

Wasiƙun fursunonin yaƙi na tsaka-tsaki ne a kuɗi. Hatimin "Geprüft", wato an duba, da sunan sansani suna nan: Oflag na hafsoshi, Stalag na sauran sojoji. V-mail ɗin Amurka na 1942 da Airgraph ɗin Birtaniya na 1941 kuwa hoton wasiƙa ne aka wanke, labarin hanya kaɗan ne a jikinsu.

Masu adireshin akwatin gidan waya mai lamba 506 a Lisbon, inda a lokacin yaƙin kamfanin Thomas Cook ke karkatar da wasiƙu tsakanin Birtaniya da ƙasashen da Jamus ta mamaye, sun fi tsada, kuma sun cancanta. Na sansanonin gwale-gwale da na SS, dakarun jam'iyyar Nazi, kuwa jabu ya yi musu yawa. Kada ka taɓa su sai da takardar shaidar ƙwararre, kuma mai sayarwa ya yarda a rubuce zai karɓi kayansa in bincike ya ƙaryata su.