Masta a jami'ar gida ko ta intanet, ga mai neman shugabancin makaranta

Malam, ka tambaye ni wace masta ce za ta taimaka maka ka kai ga shugabancin makaranta. Tsakanin mastar kimiyyar ilimi da ake yi a jami'ar gwamnati a nan gida da waccan ta intanet da aka tallata maka, ka ɗauki ta gida. Dalilina na farko shi ne a Kamaru babu digirin da yake ɗora mutum kai tsaye a kujerar shugaban lise, wato makarantar sakandare, ko ta delege, wato wakilin ma'aikatar ilimi a yanki. Ministan ilimin sakandare ne yake naɗawa, kuma abin da ake dubawa shi ne dosiyenka, wato fayil ɗin aikinka: takardar koyarwa irin DIPES II, shekarun da ka yi a aji, da muƙaman da ka riƙe, daga mai kula da ɗa'ar ɗalibai zuwa mataimakin shugaba mai kula da karatu. A ɓangaren firamare ma haka abin yake, domin sufeton gunduma naɗin ma'aikatar ilimin tushe ne. Saboda haka amfanin masta biyu ne kawai: ta zama takardar da gwamnati ta yarda da ita, kuma ta koya maka aikin kafin a danƙa maka shi.

Ni a Marwa na yi tawa, a jami'ar da aka kafa a 2008, ina koyarwa ina karatu, shekara 2 bayan lisans, wato digirin farko, kamar yadda tsarin LMD (lisans, masta, dakta) ya tanada. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne darasin tafiyar da makaranta. Malamin ya hana mu kawo misali daga littafi, ya ce kowa ya zo da jadawalin darussa da kasafin makarantar da yake aiki, sa'an nan ya shimfiɗa su a kan tebur yana bi da jan biro. Ya tsaya a kan layin albashin malaman wucin gadi ya tambaye mu daga wace jaka kuɗin zai fito, daga kuɗin da doka ta ɗora wa ɗalibi ko daga gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE, kuma wa yake da ikon sa hannu a kan kowanne. Ajin ya yi tsit, alhali a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe suna koyarwa. A ranar na gane dalilin da ya sa shugabanni da yawa suke shiga rigima da iyaye tun shekararsu ta farko, ba don sun ci kuɗi ba, sai don sun gauraya asusun da bai kamata a gauraya ba. Mun kuma karanta dokar 1998 da ta tsara alƙiblar ilimi a ƙasar nan sashe bayan sashe, muna gwada ta da halin da muke ciki: aji mai ɗalibai sama da ɗari, malamin lissafi guda ga makaranta sukutum, da 'yan mata da suke ɓacewa daga rajista bayan BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare. A kan wannan batu na ƙarshe na rubuta kundin bincikena, kuma har yau da shi nake amfani idan na zauna da iyaye.

Akwai kuma abokan karatu. Waɗanda muka zauna da su, daga Mokolo, Yagwa da Kuseri, su ne nake kira idan wata takarda ta maƙale a ofishin delege ko idan shirin jarrabawar bakaloriya ta ƙarshen sakandare ya rikice. Kuɗin rajista na karatun yau da kullum a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, amma mastar da ake kira ta ƙwarewar aiki ta fi haka tsada, don haka ka tambayi wacce ce kafin ka shirya aljihu. Wahalar mastar gida ita ce zirga-zirga da neman izinin shugabanka, kuma idan Marwa ta yi maka nisa, ka bincika a Ngaundare ko a Garwa, wadda ta samu jami'arta a 2022.

Ta intanet kuwa, ba zan ce ba ta da amfani ba, domin tana barin mutum kusa da iyalinsa. Sai dai dokokin wata ƙasa za a koya maka, kuma takardar da ta fito daga waje sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ta tantance ta ta ba da daidaito kafin ta yi nauyi a dosiyenka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da mutane iri biyu. Na farko su ne masu tallar masta ta wata shida a Facebook da WhatsApp, waɗanda suke cewa a tura kuɗi zuwa lambar wayar wani mutum. Makarantar ilimi mai zurfi mai zaman kanta a Kamaru sai tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma tana ƙarƙashin kulawar wata jami'ar gwamnati, saboda haka ka nemi ganin takardar izinin da idonka, kuma kada ka biya ko sisi sai a asusun makarantar tare da rasit. Na biyu su ne masu cewa suna da hanya a Yawunde, za su saka sunanka a jerin naɗe-naɗe idan ka ba da wani abu. Na san malamin da ya sayar da filinsa saboda irin wannan alkawari, jerin ya fito babu sunansa, kuma bai iya kai ƙara ba domin shi ma da laifinsa a ciki.

Ka je sashen kimiyyar ilimi da ƙafarka tun kafin Oktoba, ka riƙe kwafin lisans da na DIPES da takardun sakamakonka, ka tambayi ranakun darussa, sa'an nan ka zauna da shugabanka ku daidaita jadawalinka kafin a kafe shi a allo.