Sharhi kan littafin hotunan ruwa na Edward Burtynsky

Littafin Water na Edward Burtynsky, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Kanada, ya fito ne a 2013, ni kuwa sai kwanan nan na mallake shi. Ƙato ne, ga nauyi, dole sai an shimfiɗa shi a kan tebur. Takarda da bugu dai ba su da makusa, kowane launi ya fito tangaram.

Yawancin hotunan daga sama ya ɗauko su, wasu daga jirgi mai saukar ungulu, wasu da jirgi maras matuƙi. Wannan nisan ne ya ba littafin ƙarfinsa, kuma shi ne abin da ya dame ni da shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hoton malalar mai a Tekun Meziko a 2010, bayan fashewar dandalin haƙar mai na cikin teku mai suna Deepwater Horizon da ta hallaka ma'aikata 11. Ɗanyen man ya yi jirwaye ja-ja a kan shuɗin ruwa, jiragen da ke aikin kwashe shi kuma sun zama 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa. Ido zai ce maka wannan zane ne na gwanin mai fenti. Sai ka karanta sunan wurin da shekarar, ka tuna man nan kwana 87 ya yi yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin teku, sai jikinka ya yi sanyi. Na daɗe a shafin nan ina jin kunyar yadda abin ya burge ni.

Haka ma bakin kogin Kolorado a ƙasar Meziko. Magudanai sun yi rassa a kan busasshiyar laka fara fat, domin madatsun ruwa da gonakin rani da biranen Amurka sun shanye kogin tun kafin ya kai teku. A madatsar Xiaolangdi da ke kan Rawayen Kogi a ƙasar Sin kuwa, ya ɗauki lokacin da ake buɗe ƙofofi don wanke lakar da ta taru. Ruwan ya turnuƙe, har ka rasa gane ruwa ne ko hadari.

Gonakin jihar Teksas ta Amurka masu siffar da'ira, waɗanda ke zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, ba su riƙe ni ba. Na ga ɗaya, na ga biyu, na wuce.

Inda nake da ƙorafi shi ne mutane. Wanda ya kalli duniya daga jirgi ba ya ganin fuskar mai kamun kifin da sana'arsa ta mutu, ko matar da ke tafiya mai nisa da tulu. Ko a hotunan bikin Kumbh Mela na Indiya, inda miliyoyin jama'a ke wanka a kogin Ganga, mutum ɗigo ne kawai. Shi ya sa na fi samun natsuwa da tsofaffin rijiyoyi masu matakala na jihar Rajastan ta Indiya, don a nan kana iya ƙirga matakalan da ƙafafu suka sha takawa.

Mai sha'awar ɗaukar hoto ko mai karatun muhalli ba zai yi asarar kuɗinsa ba. Amma kada ka yanke hukunci da abin da ka gani a waya, domin ƙaramin allo yana haɗiye jiragen da hanyoyin motar da suke nuna maka girman wurin.