TAILS ko Subtiligase: wace hanya ce ta fi gano inda furotiyes ya yanka?

Duk inda furotiyes, wato enzayim mai yanka furotin, ya datse furotin a cikin ƙwayar halitta, sai ya bar sabon bakin N, wato farkon sarƙar furotin mai ɗauke da rukunin sinadarin amin. Wannan bakin ne hanyoyin biyu suke farauta, amma ta fuskoki mabambanta.

TAILS, wadda aka wallafa a 2010 daga Jami'ar British Columbia ta Kanada, tana tsame abin da ba a so ne. Da farko a toshe duk amin da sinadarin fomaldehayid, a daddatsa furotin da enzayim ɗin tiripsin, sannan polimar HPG-ALD, sinadari mai kama buɗaɗɗen amin, ta kame guntayen tsakiya da tiripsin ya buɗe wa sabon amin, bakunan N da aka toshe tun farko su wuce zuwa na'urar auna nauyin guntayen furotin (mass spectrometer). Furotin ƙasa da miligiram ɗaya kan wadatar. Sai dai a kula: ruwan Tris, mai daidaita tsamin samfuri, yana ɗauke da amin, zai cinye fomaldehayid ɗin, don haka ruwan HEPES ake sawa a madadinsa. Kuma tiripsin kan yanka ne a amino asid biyu, laisin da arjinin, amma tunda an toshe amin ɗin laisin, a arjinin kaɗai yake yanka, wasu guntayen su yi tsawon da na'urar ba ta iya karantawa.

Subtiligase kuwa enzayim ne mai liƙa alamar biyotin a buɗaɗɗen bakin N, a kamo shi da abidin, furotin mai riƙe biyotin. Da ita aka gano furotin masu yawa da kasfes, wani nau'in furotiyes, ke yankawa a ƙwayoyin Jurkat, wasu ƙwayoyin jinin ɗan adam da ake rainonsu a ɗakin gwaji, a 2008. Sakamakonta ya fi tsafta, amma tana buƙatar furotin mai yawa, sau da yawa gomman miligiram, tana fifita wasu amino asid, kuma ba ta ganin bakin da rukunin sinadarin asetil ya rufe.

Idan samfurin kaɗan ne, TAILS ta fi dacewa.