Ka fitar da gem ɗinka da kanka ko ka ba kamfani?

In ka sa shi a Steam, wato kasuwar sayar da gem ta intanet, da kanka, dala 100 za ka biya na rajista, duk kwafin da aka saya su cire kashi 30 cikin ɗari, sauran naka ne, ba mai ce maka canza wannan cire wancan. Amma fa talla a wuyanka take, dubban gem ake zubawa duk shekara, in ba ka ja hankalin 'yan YouTube da Twitch, masu nuna gem a bidiyo, ba wallahi naka nutsewa zai yi shiru.

Kamfanin fitar da gem irin Devolver Digital kuwa zai ba ka kuɗin aiki tun kafin ka gama, ya yi talla, ya kai shi na'urorin gem na Switch da PlayStation. Sai dai a yawancin irin wannan yarjejeniya sai kamfani ya fara cire abin da ya kashe, sannan a raba riba.

Ni dai in kana da abin da zai riƙe ka, fitar da kanka ya fi. Eric Barone ma, wanda ya ƙirƙiri gem ɗin Stardew Valley, ta hannun kamfanin Chucklefish ya fara fitar da shi a 2016, daga baya ya karɓi abinsa ya ci gaba da kansa.