Rumfar baje koli ta alminiyam da yadi: abin da ya jure mana da abin da ya gaza

Rumfar baje koli a hanya take tsufa: a bayan mota, a hannun masu lodi, da kuma daren rufewa, lokacin da kowa ya gaji, masu zauren sun fara kashe fitilu, ana ta kwance kaya ana jifa. Da wannan ma'aunin zan auna rumfar da kamfaninmu yake amfani da ita. Ranar buɗewa ai kowace rumfa kyakkyawa ce.

Famfunan ruwa masu aiki da hasken rana muke sayarwa, ni ne kuma mai kula da fitarmu baje koli. Rumfarmu mita 3 ce sau mita 3, tsayinta mita 2.5, girman da aka fi rabawa masu baje kaya. Ginshiƙanta na alminiyam ne masu kwarmi a jiki, irin tsarin da kamfanin Octanorm na Jamus ya yi suna da shi, ko da yake tamu wani kamfani ne daban ya ƙera ta. Bango na yadi ne, sai kanta ɗaya da wasu alluna na filastik.

Firam ɗin ban da abin cewa a kansa sai yabo. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, giram 2.7 a girman da ƙarfe yake kai giram 7.85, don haka mutum biyu suna kafa ta ba tare da an nemo ƙarti ba. Baya tsatsa. Namu nau'in 6063 ne, wanda ake yin firam ɗin taga da shi, an kuma tsoma shi a sinadari da lantarki har ya yi wata fata mai tauri a sama, maimakon a shafa masa fenti. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Sandar da aka yi wa fenti, da zarar ta gogi 'yar uwarta a cikin mota sai fentin ya ɓare, farin ƙarfen ya leƙo. Namu sun sha guga, amma sai ka kawo ido kusa za ka ga tabon. Aibinsa ɗaya: idan sanda ta lanƙwashe, to ta tafi. Ka miƙar da ita, kwarmin ya matse, makulli ya ƙi shiga.

Makullan nan su ne inda na fara jin haushi. A ƙarshen kowace sandar kwance akwai ɗan makulli da ake murzawa da alanki, wato ɗan ƙarfen murzawa mai kusurwa shida, ya buɗe haƙora ya cije cikin kwarmin ginshiƙi. Duk ƙarfin rumfar a kansu yake. Waɗanda suka zo mana da su na ƙarfe mai taushi ne, ramin da alanki yake shiga ya riƙa cinyewa, daga mai kusurwa shida ya koma zagayayye. Ka murza, alanki na ta juyawa, makulli ko gezau. Da safiyar buɗewa, mutane sun fara shigowa, kai kuma kana tsugune da filaya kana kokawa da abin da bai kai babban yatsa ba. Mun sauya su duka da na ƙarfe mai tauri, tun daga nan shiru kake ji. Kamfanin da zai yi firam mai kyau haka sannan ya yi rowa a kan makulli, ban gane lissafinsa ba.

Yadin bangon shi ne abin da na fi shakka da farko, shi ne kuma ya fi ba ni mamaki. Foliyesta ne, an buga hoton da zafi wajen digiri 200, inda tawadar take zama tururi ta shige cikin zaren. Saboda haka hoton baya tsagewa idan an ninke, baya ɓarewa kamar na banar talla. An ɗinke siririyar roba a gefensa, sai ka tura ta cikin kwarmin firam da yatsa, ka fara da kusurwoyi huɗu, sannan tsakiyar kowane gefe, ka ƙarasa sauran. Wanda ya fara daga kusurwa ɗaya ya bi layi zai ƙare da rarar yadi a hannu da bango mai tamoji. Bangon gaba ɗaya yana shiga jaka guda. Ya yi datti a wanke da ruwan sanyi, a mayar da shi kan firam da ɗan danshinsa, ya bushe a miƙe. Ranar da muka sauya tambarin kamfani, yadi kawai aka sake bugawa, firam na nan yadda yake.

Sai dai farin yadi baya yafe hannu mai maiƙo, kuma idan fitilar rumfar maƙwabci tana bayanka, inuwar sanduna tana fitowa ta cikinsa. A nemi mai baƙin shafi a baya. A kuma karɓi takardar shaidar cewa yadin baya saurin kama wuta tun ranar saye, domin manyan zauruka suna tambaya: a Jamus matakin B1 na DIN 4102, a sauran Turai EN 13501-1, a Amurka NFPA 701. Akwai yadin da maganin wutar a cikin zarensa yake, akwai wanda daga baya aka shafa masa, wannan na biyun wanki yana rage masa ƙarfi.

Kanta kuwa ta ba mu kunya. Da katakon MDF aka yi ta, wato garin katako da aka matse da gam. Yana da santsi, yana karɓar fenti, shi ya sa kafintoci suke sonsa. Amma falle ɗaya mai kaurin milimita 18 ya kusa kilo 40, kuma gefensa baya riƙe sukuru: ka ɗaura ka kwance, ka sake ɗaurawa, ramin ya zama gari. Ga shi da ruwa ba sa ga maciji. Mu da muke nuna famfo yana aiki, dole ruwa ya fantsama, ƙasan kantar ya kumbura kamar soso, fentin ya tsage. MDF na kayan da za a kafa a bar su wuri ɗaya ne. Wadda muka sa aka yi mana daga baya da filawud ce, an lulluɓe ta da famika, an bi gefunan da roba mai kauri, an dasa noti na ƙarfe a cikin katakon yadda sukuru zai riƙa shiga ƙarfe. An kuma sa mata ƙafafu da suka ɗaga ta daga ƙasa kaɗan. Famfo mai nauyi yana zama a kanta ba ta ko motsi.

Allunan filastik ɗin, na PVC masu kumfa a ciki, ba su da nauyi, hoto yana fita a kansu, amma farce ma yana yi musu rami, kusurwa tana murƙushewa, zafin cikin mota yana bankare su. Na fita ɗaya ne ko biyu. Inda muke son allo ya daɗe mun koma na alminiyam mai filastik a tsakiya, wanda aka fi sani da Dibond, milimita 3. Akwatin nuni na akirilik, wato filastik mai kama da gilashi, ya fi gilashi sauƙin ɗauka, kusan rabin nauyinsa ne, amma kada a goge shi da abin da yake da sifirit, sai ya yi ƙananan tsaga. Ruwan sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Jakunkunan da aka haɗo mana da su na leda ne mai zif, sanduna suna karo da juna a ciki, zif ɗin ma bai daɗe ba. Akwati mai tauri da tayoyi, wanda kowace sanda take da gurbinta, shi ya kamata a ce an sayar da rumfar da shi tun farko.

Zan sake sayen wannan firam da wannan yadi, ban da kanta da jakunkuna. Wanda yake fita sau ɗaya a shekara, haya za ta fi masa sauƙi. Wanda yake yawan fita, kafin ya biya, ya sa mai sayarwa ya kafa rumfar a gabansa ya kwance, ya karɓi alankin ya murza makullan da kansa, sannan ya tambaya ko ana sayar da makulli ɗaya ko sanda ɗaya daban idan ta lalace. Namu sai da muka yi ta bibiya kafin su yarda su sayar mana da sanda guda.