Ada ko Elmina, ina za ka kai iyali daga Accra?

'Yan uwa a unguwar Nima ta Accra kullum tambaya ɗaya in hutu ya zo, bakin teku za mu amma ina? Ni dai Ada Foah nake fara cewa. Tana gabas, wajen kilomita 100, ka bi ta Tema ka wuce, a nan kogin Volta yake shiga teku, ga ruwan daɗi a gefe ɗaya ga na gishiri a ɗaya gefen, ka hau kwalekwale da yara ku zaga tsibirai, shiru kamar ba Ghana ba. Gishirin Songor ma daga yankin yake fitowa. Matsalar kawai in dare ya yi garin ya kwanta, sai sauro.

Elmina kuwa daban ce gaba ɗaya. Ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, a tashar Kaneshie, go-silo ɗin Kasoa ya cinye maka safiya, amma in ka isa wallahi ka ga abin kallo, jiragen masunta cike da bakin gada, warin kifi, hayaniya, ran Talata dai ba sa fita kamun kifi. Ga gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ɗakunan da aka tsare bayi, ciki har da mutanen arewa da aka koro daga kasuwanni irin Salaga. Na shiga ɗakin mata na fito jikina ya yi sanyi, ban iya cin abinci ba sai yamma.

In hutawa kake so da ƙananan yara, Ada. In yaran sun kai makarantar sakandare, ka daure ka kai su Elmina, ga gandun dajin Kakum ma ba nisa.